Garejin da Ya Daidaita Silon Tsohon Babur Ɗinmu Bayan Shekara Huɗu a Ajiye

Babur ɗin da zan yi magana a kansa Honda CG125 ne na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana hawansa tsakanin gida da wurin aiki. Tun da ciwo ya kwantar da shi aka tura babur ɗin cikin ɗakin zaure aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kuma ya shekara huɗu a nan babu wanda ya buga masa kik. Bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, fita da mota kullum ta fara gagarar mai albashi irina, don haka na shawarci yayyena, suka amince in fito da shi in riƙa zuwa aiki da shi a cikin Kano. Na ɗauka juyen baƙin mai da sabon fulogi da iskar taya za su wadatar, amma sai da na zaga wurin kanikawa uku kafin injin ya zauna, kuma na ukun ne nake ganin ya cancanci a ba da labarin aikinsa.

Matsalar ba ta tashi ba ce, domin bayan na ƙara sabon fetur a kan wanda na tarar a tankin, na kuma buga kik sau da yawa, injin ya kama. Silo, wato yadda inji ke ci gaba da aiki a hankali ba tare da an murɗa totur ba, shi ne ya ƙi zama. Da safe sai an ja cok yake tsayuwa, da zarar an mayar da cok ɗin kuwa sai ya yi tari biyu ya mutu. Idan ya yi zafi sai lamarin ya sauya kama: in na murɗa totur na saki, ƙarar ba ta sauka nan take, sai ta maƙale a sama na ɗan lokaci, sannan ta riƙa gangarowa a hankali har ta wuce inda ya kamata ta tsaya, injin ya ɗauke. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja a tsakiyar 'yan adaidaita sahu, aka ba da hannu babur ɗinsa ya mutu, ya san cewa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Bakanike na farko bai kwance komai ba. Ya ɗauki sukundireba ya ƙara sukurun silo, injin ya ɗauki ƙugi, ya ce mini an gama. Kwana biyu na yi a haka ina jin giya tana bugawa da ƙarfi duk lokacin da na saka ta ɗaya, mai yana ƙarewa da wuri, da safe kuma cutar tana nan inda take. Na biyun ya ce kafireton ya mutu, in kawo kuɗi a sayo sabo a ɗaura. Da yake kamfanonin ƙasar Sin da dama sun kwaikwayi injin CG, kafireto mai araha da zai hau kansa ba ya wuyar samu a kasuwa, amma wanda ke jikin babur ɗinmu Keihin ne na asali, kuma ban ga hujjar jefar da shi ba alhali ko buɗe shi ba a yi ba.

Wani maƙwabcinmu ne ya kwatanta mini gareji na uku. Rumfar kwano ce a gindin darbejiya, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da yara uku masu koyon sana'a, sai maigidansu, dattijo mai furfura wanda ba ya yawan magana. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa babur ɗin ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya tambayi tsawon lokacin da ya yi a ajiye, da ko an zuƙe man tankin kafin a ajiye shi, da ko an rufe makunnin mai, da irin ɗakin da ya zauna, da abin da kanikawan baya suka taɓa. Da na gama ba shi amsa sai ya ce, "Malam, ka bar mini shi ya kwana a nan. Ina so in ji yadda yake tashi da sanyin safiya, domin injin da ya riga ya yi zafi yana ɓoye rabin ciwonsa." Na nemi izinin in zo in zauna in ga aikin, ya ce bismillah, benci na nan.

Washegari da ya tayar da shi ya saurara, sai ya buɗe murfin tanki ya sunsuna, ya miƙo mini ya ce in ji. Warin ba na fetur ba ne, wani tsami-tsami ne mai kama da na tsohon fenti. Ya yi mini bayanin cewa fetur ba ya jure dogon zama: ɓangarensa mai saurin kamawa da wuta yana bin iska ya tafi, musamman a zafi irin namu, abin da ya rage kuma ya yi duhu ya fara zama danƙo. Sabon man da na zuba bai gyara tsohon ba, gaurayuwa kawai suka yi. Ya sa yara suka sauke tankin suka juye shi a roba mai haske, muka ga ruwa ya kwanta a ƙasan man tare da garin tsatsa. Ruwan daga raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ba a cika ba yake, da yake kuma ya fi fetur nauyi, ƙasa yake sauka, daidai inda ake jan mai idan an juya makunni zuwa rizab. An wanke tankin sau uku, an kwance makunnin man an fitar da dattin da ya cika rariyarsa, an kuma sauya tiyon mai wanda ya bushe ya yi tauri kamar kara.

A kan kafireton ne na ga bambancin gwani da mai lalube. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, ya riƙa jera duk abin da ya kwance bi da bi, kuma kafin ya cire sukurun da ke daidaita mai da iska sai da ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagayen har ya taɓa ƙasa, domin ya san inda ya same shi. Ya gargaɗi yaronsa cewa ba a ɗaure wannan sukurun da ƙarfi, saboda bakinsa siriri ne, idan ya lanƙwashe ko ya ɓata mazauninsa to silo ba zai ƙara daidaituwa ba har abada. Da aka buɗe kofin da ke ƙasan kafireton sai ga danƙo mai ruwan zuma ya bushe a gindinsa, da wani kore-kore a jikin tagullar.

Ya ciro jet guda biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Babban, wanda ke ba da mai idan an buɗe totur sosai, ana hango haske ta cikinsa. Ƙaramin kuwa, wato jet ɗin silo, da na ɗaga shi sama na duba ban ga komai ba, ya toshe sai ɗan abin da ba a rasa ba. A nan ne na fahimci dalilin da ya sa babur ɗin ke gudu lafiya a kan titi amma ya kasa tsayuwa a wuri ɗaya. Idan totur yana rufe, injin ya dogara ne kacokan a kan wannan 'yar ƙaramar kafa, wadda ba ta fi kaurin bakin allura ba, saboda haka ita ce ke fara toshewa idan mai ya bushe a ciki. Cok kuma aikinsa rage iskar da ke shiga ne domin kason mai ya ƙaru, shi ya sa injin da ke jin yunwar mai yake rayuwa da cok ya mutu in an cire shi. Ƙara sukurun silo da bakanike na farko ya yi ɗaga maƙogwaron kafireton kawai ya yi, ya tilasta wa injin shan mai ta wata hanyar, toshewar kuma tana nan.

Yadda ya wanke jet ɗin ma abin lura ne. Ɗaya daga cikin yaran ya miƙo masa silin wayar birki, ya girgiza kai ya ce a mayar. Ya ce ƙarfe ya fi tagulla tauri, idan aka zura shi zai yage ramin ya faɗaɗa shi, daga nan babur ya koma shan mai fiye da kima, mai shi kuma bai san dalili ba. Ya jiƙa jet ɗin a maganin wanke kafireto na gwangwani, ya bar shi ya jima, sannan ya bi shi da sili ɗaya mai laushi na wayar lantarki, daga bisani ya aika yaro wurin mai facin da ke kusa aka hura shi da iska. Bai tsaya a jet ɗin ba, sai da ya fesa maganin a kowace kafa ta jikin kafireton yana duba inda zai ɓullo, domin a cewarsa mutane da yawa suna wanke jet su bar hanyar da ke bayansa a toshe, su ce wanki bai yi amfani ba. Wannan aikin kaɗai ya ci kusan awa biyu, kuma ban ga ya gajarta shi ba ko da wasu masu babura suka taru suna jira.

Abubuwa biyu ya gano waɗanda ba zan taɓa kawo su a raina ba. Siririn tiyon da ke ba kofin kafireto damar numfashi ya cika da busasshen laka, ashe zanzaro ne ya yi gini a bakinsa a tsawon zaman da babur ɗin ya yi a zaure, kuma idan wannan tiyon ya toshe, man da ke cikin kofin ba ya hawa yadda ya kamata. Da aka buɗe akwatin iska kuma sai muka tarar ɓeraye sun cinye gefe guda na soson da ke tace ƙura, sauran ya ruɓe yana marmashewa a hannu. Ya ce da na ci gaba da hawa a haka zuwa hunturu, ƙura za ta shiga kai tsaye ta cinye ringi da silinda. An sa sabon soso, ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan ya matse shi sosai kafin ya mayar. Allurar da ke tsayar da mai idan kofin ya cika ita ma ta yi zobe a bakinta, aka sauya ta.

Bayan an haɗa komai injin ya tashi a bugu na biyu, ya kuma tsaya ba tare da cok ba, har na fara yi masa godiya. Shi kuwa bai saki fuska ba. Ya murɗa totur ya saki sau uku, ya ce in saurara, ƙarar har yanzu tana jinkirin sauka. "Yana shan iska ta wani wuri, Malam," in ji shi. Ya ɗauki gwangwanin maganin ya fesa kaɗan a kan robar da ke haɗa kafireto da kan inji, nan take muryar injin ta sauya, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta koma yadda take. Da aka kwance robar ya lanƙwasa ta a gabana, sai ga tsaga a ƙasanta, wurin da ido ba ya kaiwa idan tana ɗaure. Iskar da ke satar hanya ta wannan tsagar ba ta bi ta kafireto, don haka babu man da ke rakiyarta, kuma tana ƙaruwa tana raguwa gwargwadon zafin robar da girgizar injin, abin da ya sa silon ke hawa yana sauka ba tare da an taɓa komai ba. Ya nuna mini fulogin da na sa kwanan baya, bakinsa ya yi fari fat, ya ce wannan shaidar ƙarancin mai ce, da mai ne ya yi yawa da baƙi zai yi da kunkunniya, lafiyayyen inji kuwa fuloginsa ruwan ƙasa yake yi. A ganina wannan mataki shi ne ya fi kowane daraja a aikin gaba ɗaya, domin da ya sallame ni a lokacin da na fara godiya, da na tafi da rabin gyara ina zaton cikakke ne, kuma ko sabon kafireton da aka ce in saya da a kan wannan tsagaggiyar robar za a ɗaura shi.

A rana ta uku da safe, injin yana sanyi, ya duba tafet, wato inda ake saita tazarar bawul, ƙofofin da ke shigar da mai da iska su kuma fitar da hayaƙi. Ya faɗa mini da kansa cewa ajiya ba ta sauya tazarar bawul, amma tunda ba a san rabon da a duba ta ba, kuma bawul ɗin da ya matse yana sa silo ya lalace idan inji ya yi zafi, gara a cire shakku. Da siraran ma'aunan ƙarfe ya auna, ba da kunne ko yatsa ba kamar yadda na saba gani, ya saita duka biyun a kan milimita 0.08, ya kuma duba bakin fulogi ya bar shi tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Aikin bai ɗauki lokaci ba, domin Honda ta fito da CG125 ne a 1975 musamman saboda ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa a kan kari, shi ya sa aka yi masa inji mai sandunan tura bawul wanda murfi ɗaya za a buɗe a isa ga tafet ɗinsa. Ya goge tsatsar da ke cikin hular fulogi da wayar da ke kama jikin firam, ya ɗiga mai a wayar totur, ya juya kan babur ɗin dama da hagu injin yana aiki don ya tabbatar wayar ba ta jan totur da kanta.

Saitin silo shi ne ya zo a ƙarshe, ba a farko ba. Ya ba babban yaronsa ya zaga da babur ɗin kamar minti goma har ya yi zafi sosai, sannan ya riƙa juya sukurun mai da iska kaɗan-kaɗan yana dakatawa bayan kowane juyi, har ya kai inda muryar injin ta fi tsabta, daga nan ya sauke sukurun silo zuwa inda ya dace. Littafin kamfani yana nuna kusan zagaye 1,400 a minti, shi kuwa ba shi da na'urar aunawa, da kunne ya yi, amma injin ya zauna daram, ana murɗawa ya amsa, ana saki ya sauka.

Ba zan ce wurin ba shi da aibu ba. Kwana uku aikin ya ci, kuma wani ɓangare na jinkirin ba na aikin ba ne, na rashin tsari ne, domin duk wanda ya zo da ƙaramar matsala sai a bar nawa a sallame shi. Ba a kuma yi cinikin kuɗin aiki tun farko ba. Da na tambaya sai ya ce in bari a ga abin da ke ciki tukuna, wanda hakan yana da hujja, amma ya bar ni cikin zullumi har ranar ƙarshe, kuma babu wata takardar shaidar abin da aka yi. Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da wuta. Yaran suna wanke kaya a buɗaɗɗen kwano na fetur, ga mai shayi da murhunsa ba nisa, babu abin kashe gobara ko bokitin yashi, shi kansa gwajin fesa magani a jikin injin da ke aiki abu ne mai kamawa da wuta. Tsohon baƙin mai kuma a kwata ake zubar da shi. Na faɗa masa wannan cikin ladabi, ya ce gaskiya ne, sai dai ban ga an sauya komai ba a zuwana na baya.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kuɓuce masa. Kwana huɗu da karɓar babur ɗin, na yi tafiya mai ɗan nisa a kan titin Zariya, sai injin ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare alhali tankin yana da rabi, na tsaya na ɗan jira ya sake tashi, bayan wani lokaci ya maimaita. Da na koma na kwatanta masa, bai yi musu ba, bai kuma ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu ba kamar yadda aka saba. Ya bar injin yana aiki har ya fara shaƙewar, ya buɗe murfin tanki, muka ji iska ta faɗa ciki, injin ya warware. 'Yar kafar numfashi da ke jikin murfin ce tsatsa ta toshe, mai yana sauka iska ba ta maye gurbinsa, har tankin ya riƙe man ya hana shi gangarowa. Ya ce, "Wannan laifina ne, Malam, na wanke tanki na manta da murfinsa." Ya buɗe kafar, bai karɓi ko kwabo ba.

Ta fuskar kuɗi ban ga cuta ba. Kayan da aka sauya, wato robar kafireto da soson iska da allura da tiyon mai, rubuta mini su ya yi ya haɗa ni da yaronsa muka je shago na biya da hannuna, ya kuma ƙi karɓar robar farko da aka ba mu saboda ya ce ta yi tauri ba za ta daɗe ba. Tsofaffin kayan ya zuba mini su a leda ya ba ni. Kuɗin hannunsa ya fi na kanikawan bakin titi, kuma mai neman a taɓa masa babur cikin minti goma ya wuce ba zai ji daɗin wurin ba, amma idan aka haɗa da na kayan duka bai kai abin da bakanike na biyu ya nema na sabon kafireto da ɗaurawa ba. Ga wanda ke da tsohon babur da ya daɗe a ajiye, musamman mai kafireto na asali da ake so a ceto, ina ba da shawarar irin wannan gareji ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin mutum ya nemi a yi masa ƙiyasin kuɗi da zarar an buɗe an ga abin da ke ciki.

Kafin in tafi na tambaye shi abin da ya kamata mu yi tun farko. Ya ce duk lokacin da za a ajiye babur fiye da wata ɗaya ko biyu, a rufe makunnin mai a bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa, sannan a kwance sukurun da ke gindin kofin kafireto a tsiyaye ragowar. Idan ajiyar ta shekaru ce a zuƙe tankin a bar shi ya bushe, a toshe bakin salansa da na akwatin iska da tsumma saboda ƙwari da ɓeraye, a kuma riƙa taka kik lokaci-lokaci don kada fistin ya kama. Yanzu wata biyar ke nan ina hawan babur ɗin zuwa aiki, har da safiyoyin hunturu, inda nake jan cok na minti ɗaya in mayar, kuma tun ranar da aka buɗe kafar murfin tankin bai sake mutuwa a danja ba. Mahaifiyarmu ta ce tana gane ƙararsa tun daga bakin layi, kamar yadda take ganewa a lokacin da mai shi yake dawowa daga aiki.